Shahada ko kashe kai? Ga inda iyakar take

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka daga nan Yamai. Maganar yau tana da nauyi, ku ɗan natsu don Allah. Ranar 23 ga Mayu 2013 da sassafe aka kai harin ƙunar baƙin wake da motoci a barikin soja na Agadas da wurin haƙar uranium na Arlit, daga 2015 kuma Diffa ta ga nata, a yankin tafkin Chadi har yara mata ake ɗaura ma bam a tura su cikin kasuwa. Masu tura su cewa suke shahada ce. To wai shahada ce?

Mu fara da Alƙur'ani tunda shi suke riya cewa suna bi. Suratun Nisa'i aya ta 29, Allah ya ce kada ku kashe kanku, lalle Allah mai jinƙai ne gare ku. Gefe guda kuma Ali Imrana aya ta 169 ta ce waɗanda aka kashe saboda Allah rayayyu ne a wurin Ubangijinsu. Ɗaya an hana, ɗaya an yaba, kuma ba abu guda ba ne ko kaɗan.

Akwai hadisi cikin Bukhari da nake so kowane matashi da ke zaman fada ya sani. Wani mutum ya yi yaƙi tare da Manzon Allah (SAW), yaƙi na gaske har sahabbai suna cewa yau babu wanda ya kai shi, amma Annabi ya ce ɗan wuta ne, abin ya ɗaure musu kai, sai wani sahabi ya riƙa bin shi a baya don ya ga ƙarshen shi, ashe da aka ji mishi mummunan ciwo ya kasa haƙuri sai ya gaggauta ma kanshi mutuwa. Ku duba fa, filin jihadi ne, bayan Annabi yake, duk da haka da ya zama hannunshi ne ya ɗauke ranshi ba a kira shi shahidi ba. Ina ga wanda ya shiga masallaci ko kasuwa ya tafi da rayukan bayin Allah da ba su ji ba su gani ba?

Masu tura 'yan ƙunar baƙin wake za su kawo maka labarin sahabi Bara'u ɗan Malik a yaƙin Yamama, wanda ya ce a jefa shi ta saman katanga cikin abokan gaba. Gaskiya ne an yi. Amma ƙofa ya je buɗewa, ya buɗe ta, ya sha sara kuma ya rayu. Shiga haɗari daban, ka zama kai ne makamin da zai kashe ka daban, shi ya sa malamai irin su Ibn Usaimin suka ce harin ƙunar baƙin wake kashe kai ne. Sannan ga niyya: a hadisin Muslim ya zo cewa cikin farkon waɗanda za a yi ma hisabi har da wanda aka kashe a yaƙi, a ce mishi ka yi ne don a ce jarumi, kuma an faɗa. Wanda ruwa ya ci, wanda gini ya faɗa ma, wanda annoba ko ciwon ciki ya kashe, mace da ta rasu wajen haihuwa, duk hadisi ya ba su ladan shahada, babu ɗayansu da ya nemi mutuwar da kanshi.

Kiristoci ma sun yi wannan gardamar, kuma nan kusa da mu. A ƙarni na 4 da na 5 a arewacin Afirka akwai wasu da ke neman mutuwa da gangan don a ce shahidai ne, Ogustin, limamin garin Hippo wanda yau shi ne Annaba ta Aljeriya, ya ce musu dokar "kada ka yi kisa" ta haɗa da kanka, kuma dalilin mutuwa ke sa mutum shahidi ba azabar da ya sha ba.

Masu falsafa kam ba su haɗa baki ba. Sokrates kotun Atina ce ta yanke mishi hukuncin kisa a 399 kafin haihuwar Annabi Isa, ya karɓa, amma ya koyar cewa mutum ba mallakin kanshi ba ne balle ya fita duniya ba izini. Seneka da Hume sun ga mutum na da zaɓi, Kant ya ƙi sam. Wanda ya fi taɓa ni Durkheim ne, Bafaranshe, a 1897 ya nuna akwai mai kashe kanshi don ƙungiya ta haɗiye shi har ranshi bai da daraja a idonshi. Wallahi in ka tuna yaran da ake ruɗa a daji sai ka ce su yake nufi.

Amma mafi yawan masu kashe kansu ba bam suke ɗauka ba. Hukumar lafiya ta duniya ta ce sama da mutum 700,000 a shekara, da yawansu ciwon damuwa ne, bashi, auren dole, kunya. A nan muke yin kuskure, mu yanke ma mamaci wuta mu ƙaurace ma iyalinshi. Haramun ne, eh, zunubi babba, amma jumhurun malamai har da Malikiyyarmu sun ce bai fita Musulunci ba, ana mishi wanka da salla. A Muslim akwai abokin hijirar Ɗufailu ɗan Amru da ciwo ya tsananta mishi a Madina ya yi sanadin ranshi, Ɗufailu ya gan shi a mafarki an gafarta mishi saura hannuwanshi, Annabi (SAW) ya ce ya Allah har hannuwanshi ka gafarta. Kuma an ɗauke alƙalami ga wanda hankalinshi ya gushe. Cocin Katolika ma ta ce tsananin ciwon ƙwaƙwalwa na rage alhaki.

Don haka in ɗan'uwanka ya fara cewa ya gaji da duniya, gara ya mutu, kar ka tsaya a "yi haƙuri" kawai. Tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kanshi, kar a bar shi shi kaɗai, a yi addu'a kuma a kai shi likita. Babban asibitin Yamai na da sashen masu ciwon ƙwaƙwalwa, in kuna nesa ku fara da asibitin da ya fi kusa da ku, yau ba gobe ba.