Abin da Ɗigon Jini Ke Faɗa, da Wanda Ba Ya Faɗa

Assalamu alaikum, masu kallo. A ce an fasa shago da daddare a Kantin Kwari, ɓarawon ya yanke a jikin ƙofa ya bar ɗigon jini. Ba wanda ya gan shi, amma a cikin jinin akwai DNA, ƙwayar halittar da kowa ke gada, rabi daga uwa, rabi daga uba.

Da Bakano da Bature, wajen kashi 99.9 cikin ɗari na DNA ɗinmu duk ɗaya ne. Ɗan ragowar masana ke bi. Akwai gurabe da rubutun halittar ke maimaita kansa, na wani sau 10, na wani sau 14. A Amurka gurabe 20 ake ƙirgawa tun 2017, kuma da wuya mutum biyu su dace a duka, in ba Hassan da Hussainin da suka fito daga ƙwai ɗaya ba.

Alec Jeffreys ne ya gano dabarar a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984. Abin sha'awa, shari'ar kisa ta farko da aka gwada ta, wanke mutum ta fara yi. An kashe 'yan mata biyu, wani yaro ɗan shekara 17 har ya amsa laifin kashe ɗaya, gwaji ya nuna ba shi ba ne. Sai aka ɗebi samfurin maza kusan 5,000. Mai laifin, Colin Pitchfork, ya tura abokin aikinsa ya bayar a madadinsa, abokin kuma bakinsa ya suɓuce a mashaya. A 1988 aka yanke wa Pitchfork ɗaurin rai da rai.

To, ga inda ake rikicewa. Gwajin yana faɗin mai jini ko mai gumi, ba ya faɗin yadda abin ya je wurin. 'Yan sandan Jamus sun shafe shekaru suna farautar wata mace da DNA ɗinta ke bayyana a laifuffuka kusan 40. A 2009 aka gane ashe ma'aikaciya ce a kamfanin da ke haɗa audugar ɗaukar samfuri!

Mu nan namu cikas ɗin ya fi kusa. Kafin jami'ai su iso, 'yan jaje sun cika shago, kowa ya taɓa kwaɗon da aka ɓalle, yaron shago ya yayyafa ruwa ya share. Zafin ranar watan Afrilu da damshin damina duk suna lalata DNA. Riga mai jini kuwa, a ƙulle ta a leda ta yi fumfuna. Shanya ta ake yi a inuwa, a sa a ambulan ɗin takarda.

Legas ta buɗe cibiyar gwajinta a 2017. Amma na'ura kaɗai ba ta isa ba. Kafin masani ya gaya wa alƙali cewa mutum ɗaya cikin miliyan kaza ne zai dace, sai ya san yawan kowane maimaici a cikin al'ummar da ake magana. Afirka ta fi ko'ina bambancin halitta, ga auren zumunci da ke sa dangi su ƙara kama da juna. Wannan ƙidayar, a ganina, ita ya kamata ɗalibanmu na Jami'ar Bayero su sa a gaba.