Laccar ƙwannafi da magungunansa, daga wani zama a Sakkwato

Assalamu alaikum. Na baya, kuna ji na? To, madalla. Abu uku zan taɓa a kan ƙwannafi, ruwan tsamin ciki da ke hawowa ƙirji yana ƙuna.

Na farko, magungunan nan ba aiki ɗaya suke yi ba. Na ruwa ko na taunawa, irin Gestid da Gaviscon, suna kashe kaifin tsamin cikin 'yan mintuna, amma ba su daɗewa. Omeprazole kuwa famfon yake rufewa. A bangon tumbi akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu fitar da tsamin, su yake toshewa. To ga inda jama'a ke kuskure. Mutum ya ci tuwo da dare, ya bi da shayi, ya miƙe bisa tabarma, ƙirji ya ɗau wuta, sai ya haɗiye omeprazole, da safe ya ce na jabu ne. Alhaji, ka yi dariya, na san an yi! Wanga magani ana shan shi ciki ba kome, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, don ya riga ya shiga jini lokacin da abinci zai tayar da tsamin. Kafin abinci, jama'a, kafin abinci! Da azumi, kafin sahur. Kuma yakan ɗauki kwanaki kafin ya kama sosai. Ku maimaita wa na gida, kafin abinci.

Na biyu, ranitidine, wani maganin ƙwannafi, an janye shi a ƙasashe da dama a 2020, in da saura a gida a zubar. Masu shan ibuprofen da diclofenac don ciwon jiki, ku sani magungunan nan su ke cin tumbi. Sai na uku kuma, ina muke? In an yi kwana 14 ba sauƙi, ko haɗiya ta yi wuya, ko bayan gida ya yi baƙi, ko ana ramewa, a tafi asibiti.

Na'am, Hajiya? Tana tambaya kan jiƙon kanwa. Gaskiya tana kwantar da ƙwannafi nan take, shi ya sa iyayenmu suka riƙe ta. Amma gishiri ne cike da ita, tana tayar da hawan jini. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Mai ciki da ƙwannafi ya dame ta, ta faɗa a wajen awo, akwai na ruwa da ake ba ta. In tana shan maganin ƙarin jini, ta raba su da awa 2, kada ta haɗa.