Wilin feloda da gireda: yadda za ka gane wanda zai hau motarka

Wata feloda, motar da ke ɗiban kaya tana loda wa tifa, kwananta uku a tsaye a wurin fasa dutse, tifofi na jira. Injinta lafiya lau, wili ɗaya ne ya tsage. An kawo wani daga kasuwa, taya ta zauna a kansa daram, amma da aka zo ɗaurawa sai ramukan suka ƙi haɗuwa da kusoshin ƙafar. Kuɗin ɗauko shi ya tafi, ga na mayarwa.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne lambar taya. Caterpillar 950 da manyan felodojin Sin irin su XCMG ZL50 yawanci taya 23.5-25 suke sawa, sai mai mota ya ɗauka wilinsu ma ɗaya ne. Ta gefen taya, haka ne. Ta gefen da wili ke kama ƙafar mota kuwa, kowane kamfani da tsarinsa.

Mu fara da gefen taya. Goge tsatsar jikin tsohon wilin, za ka ga lamba a buge, misali 25-19.50/2.5. Wannan 25 ɗin faɗin da'irar wilin ne a inci. 19.50 faɗinsa daga leɓe zuwa leɓe, 2.5 kuma tsayin leɓen da ke tare bakin taya. Shi ne na taya 23.5-25. Idan tayarka 26.5-25 ce, irin ta Caterpillar 966, wilinta 22.00/3.0 ne. Taya 20.5-25 tana hawa 17.00/2.0, 17.5-25 kuma 14.00/1.5. Masu gireda, motar baje ƙasa a aikin hanya, ku kula sosai a nan: wata giredar tana da taya 14.00-24, wata 17.5-25. A ido inci 24 da 25 kamar ɗaya suke. Kada mai faci ya ce zai tilasta ta shiga da guduma, bakin tayar zai iya tsinkewa lokacin da ake ba ta iska.

Yanzu juya wilin ka dubi farantin tsakiya, inda yawancin asarar take faruwa. Ƙirga ramukan kusoshi. Daidaiton adadi bai isa ba, domin wili biyu na iya zama da ramuka goma sha biyu kowanne, amma da'irar da ramukan suka zauna a kai ta bambanta. Idan adadin ya rabu biyu daidai, auna daga tsakiyar rami ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa, ka rubuta a milimita. Sai babban ramin tsakiya da ke hawa kan hob, wato kan ƙafar da wili ke zama a kai, shi ma a auna. Bambancin milimita kaɗan ya isa ya sa nauyin motar ya koma kan kusoshi, su riƙa kwancewa ko karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Akwai awo ɗaya da kusan kowa ke mantawa, wato zurfin da aka kafa farantin a cikin wilin. Kwantar da wilin, ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a bakinsa, ka auna daga ƙarfen zuwa farantin. Idan farantin sabon wilin ya sa taya ta shige ciki, za ta goge jikin mota duk lokacin da aka karya kwana. Idan ta fito waje da yawa, boris ɗin ƙafa ne zai sha wahala, kuma gyaransa ya fi wilin tsada nesa ba kusa ba.

To, in za ka shiga Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko ka aika Ladipo a Legas, kada ka tsaya kan cewa "wilin 950 nake nema". Motar tana da zubi daban-daban a shekaru daban-daban. Ɗauki hoton farantin lambar mota, hoton lambar wilin, da awon da ka yi. Ni dai in da hali, tsohon wilin nake so a ɗora a mota a tafi da shi, a jera su ƙasa a gani da ido.

Sai maganar zobba. Manyan wilin nan yawanci gida biyar ne: gangar jiki, leɓe biyu, zoben da bakin taya ke zama a kai, da zoben kulle, ga kuma siririyar robar da ke riƙe iska. Dillali zai iya haɗa maka gangar wani kamfani da zoben kullen wani, a ido ka ga sun zauna. Kada ka karɓa. Zoben da bai shiga gurbinsa sosai ba, iska na iya harbo shi da ƙarfin da zai kashe wanda ke tsaye a gabansa. Wili ɗan Kwatano ba laifi, amma duba gurbin zoben kulle da kewayen ramuka, in ka ga tsaga ko alamar walda, bar musu kayansu.

Kafin a taɓa ko noti ɗaya, a cire ƙwayar bawul iska ta fita gaba ɗaya. Ba a yi wa wili walda da taya a jikinsa, ko da babu iska, saboda zafin na iya tayar da gas a cikin robar ta fashe daga baya. Wajen ba da iska kuma a sa dogon tiyo, kowa ya koma gefe, a bar gaban zoben babu mutum.