Likita a kan keken guragu

A shekarar 2010, wani ɗalibin likitanci a ƙasar Ostireliya mai suna Dinesh Palipana ya yi hatsarin mota. Lakarsa ta taɓu. Ƙafafu suka shanye, yatsun hannu suka daina motsi. Kowa ya ɗauka karatu ya ƙare ke nan.

Ya koma Jami'ar Griffith, ya kammala a 2016. Sai da 'yan ajinsu suka samu aiki, shi yana ta jira, kafin aka ɗauke shi. Kuma ina ya ƙare? Sashen gaggawa na asibitin Gold Coast, inda ake ganin sai mai gudu.

To, ta yaya? Ku lura da abin da likita yake yi a yini guda. Ya saurari mara lafiya, ya yi tambayoyi, ya karanta sakamakon gwaji, ya yanke shawara. Mafi yawan aikin a ka yake. Abin da ya rage, dabara da kayan aiki sun ɗauke da yawa: gadon duba mara lafiya da ake saukewa ƙasa, keken da ke miƙar da mutum tsaye a ɗakin tiyata, abin sauraron bugun zuciya mai ƙara sauti don wanda jinsa ya ragu. Ɗaukar jini kuwa, ai ko likita mai lafiya sau da yawa wani yake sa wa.

Abin ba sabo ba ne. Tun 1912 Jacob Bolotin, wanda aka haifa makaho, ya gama makarantar likitanci a Chicago, ya kuma yi suna a cututtukan zuciya da huhu, yana aiki da kunne da tafin hannu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙofar shiga. Makarantu da dama suna da sharuɗɗan da ke cewa dole ɗalibi ya iya kaza da hannunsa, ko da fannin da zai bi ba ya buƙatar haka. Dokoki sun fara sassauta wannan: ta Amurka ta 1990, da ta Indiya ta 2016 da ta ware kashi 5 cikin 100 na guraben manyan makarantun gwamnati ga masu buƙata ta musamman.

In kana da buƙata ta musamman kuma kana shirin neman gurbin karatun likitanci, ka fara karanta waɗannan sharuɗɗan, ka rubuta wa makarantar sauƙin da kake buƙata, su ma su ba ka amsa a rubuce.