6 ko 10? Tambayar alwatika da ta raba kan 'yan aji

Jama'a, wannan hoton da kuke gani ya zagaya wayoyin ɗaliban Katsina har ya gaji. Wasu sun ce 6, wasu sun ce 10, har da masu rantsuwa. To, a ajiye rantsuwa, a ɗauko biro.

Ga alwatika ABC. An ja layin DE a cikinta, D a kan gefen AB, E a kan gefen AC, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da BC, ba za su taɓa haɗuwa ba. AD 2 ne, DB 3, DE kuma 4. Nawa ne BC?

Hujjar kamannin ƙaramar alwatika ADE da babbar ABC ba ta da wuya, bari mu wuce ta da sauri. Kusurwar A ta kowa ce, ƙaramar alwatika da babba duk sun yi tarayya a kanta. Kusurwar D daidai take da ta B, tunda layukan biyu ba sa haɗuwa. Kusurwa biyu sun isa, domin jimillar ukun digiri 180 ce, ta ukun ba ta da wurin gudu. Ke nan ADE da ABC kamarsu ɗaya, girma ne kawai ya bambanta, kamar ka ja hoto da yatsu biyu a waya.

Nan ne ake faɗuwa. Ku tsaya da ni.

Ɗalibi ya ga 2 a sama, ya ga 3 a ƙasa, sai hannunsa ya rubuta 2 bisa 3 daidai da 4 bisa BC. Ya samu 6, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, ya miƙe yana murmushi. Ɗan'uwa, dawo ka zauna. Wannan 3 ɗin gefen wace alwatika ce? Nuna min da yatsa. DB ba gefen ƙaramar ba ne, ba gefen babbar ba ne. Guntu ne, ragowar yadi bayan tela ya yanka.

Ku kalli allo, zan zare ƙaramar in ajiye ta gefe guda. Kun gani? Gefenta na hagu 2. Gefen babbar na hagu daga A ya taso har B, wato 2 a tara da 3, ya zama 5. Saboda haka 2 bisa 5 ne daidai da 4 bisa BC. Amsa 10.

Wanda bai yarda ba, ga gwaji. Matsar da D zuwa tsakiyar AB cif. Yanzu AD da DB tsawonsu ɗaya, lissafinka zai ce DE da BC ma ɗaya ne. Dubi hoton. Idonka ya yarda?

Amma ban ga laifin 'yan 6 sosai ba. Akwai inda 2 bisa 3 ke aiki: AD bisa DB daidai yake da AE bisa EC. Guntu da guntu, babu matsala. Da zarar DE ko BC ya shigo, sai cikakken gefe. A ganina haddar ƙa'ida ba tare da zane ba ce ke jawo wannan. Kuma a WAEC da NECO, ka rubuta haruffan a jere yadda suka dace, ADE da ABC: A da A, D da B, E da C. Jerin da kansa zai faɗa maka abokin kowane gefe.

Yanzu mu fita mu sha iska. Ga Hasumiyar Gobarau, kusan mita 15. Ana ba da labarin cewa wani masanin Girka, Thales, da inuwa ya auna dalar Masar, shekara wajen 2,600 da suka wuce. Mu ma mun kafa sanda mai mita 1. A ce inuwarta mita 2 ce, a daidai lokacin ta hasumiya za ta kai mita 30, domin rana ɗaya ce ta haska su, kusurwa ɗaya. Sai dai gindin Gobarau ya fi samanta faɗi, don haka daga tsakiyar gindin ake fara awo, ba daga jikin bango ba. Idan ka fara daga bango, ka sake ɗauko guntu.

Malam mai kyamara, matso cikin inuwa, ranar nan ta fara dukan kai.