Liechtenstein: ƙasar da aka saye ta kashi biyu, yanzu ƙauye ma yana da ikon ɓallewa

To jama'a, ku dubi taswirar Turai da kyau. Ga Suwizalan ta yamma, ga Ostiriya ta gabas, wannan ɗan siririn abin da ke maƙale a tsakaninsu kamar ƙwayar shinkafa, ai ƙasa ce guda, sunanta Liechtenstein. Kar ma ku wahalar da harshenku, ni ma sai da na yi ta maimaitawa kafin na iya faɗa. Faɗinta gaba ɗaya murabba'in kilomita 160 ne, tsawonta daga kudu zuwa arewa kamar kilomita 25, mutanenta kuma wajen dubu 40. Ba ta da teku, maƙwabtan nata biyu ma ba su da teku, kuma a duk duniya ita da Uzbekistan ne kaɗai suke cikin irin wannan hali.

Mutum zai ce to ƙasa kamar wannan me za a raba a cikinta, ai ciyaman ɗaya ya ishe ta. Amma ina, ƙananan hukumomi 11 gare su, da Jamusanci suna ce wa kowace Gemeinde, kuma babu jihohi babu gwamnoni, daga gwamnatin ƙasa sai ƙaramar hukuma kai tsaye. Sannan akwai wani rabon na biyu da ya tsaga ƙasar gida biyu, Oberland da Unterland, wato ƙasar sama da ƙasar ƙasa. Abin da zai rikita ka shi ne ƙasar saman tana kudu ne, ta ƙasan kuma tana arewa, saboda su ba taswira suke kallo ba, kogin Rhine suke bi, shi kuma daga kudu yake gangarowa ya nufi arewa.

Wannan rabon gida biyu asalinsa ciniki ne, ciniki na kuɗi hannu. Gidan Liechtenstein wasu attajiran masu sarauta ne da ke zaune a Biyana, babban birnin Ostiriya, suna da filaye masu yawan gaske amma duk a ƙarƙashin wasu sarakunan suke, su kuma abin da suke kwaɗayi kujera ce a majalisar Daular Roma Mai Tsarki, babbar daular da ta haɗa ƙasashen Jamusawa a wancan zamani, kujerar nan kuwa ba a ba ka sai kana da ƙasar da babu kowa tsakaninka da babban sarki. Ana cikin haka sai ga gidan Hohenems, masu sarautar da ke riƙe da wannan yanki a lokacin, bashi ya yi musu katutu suna neman mai sayen ƙasarsu. A 1699 yarima Johann Adam na gidan Liechtenstein ya sayi yankin Schellenberg, a 1712 ya ƙara da Vaduz, a 1719 babban sarki Karl na shida ya haɗe su wuri ɗaya ya sa musu sunan gidan masu sayen. Schellenberg ɗin nan shi ne Unterland na yau, Vaduz kuma shi ne Oberland. Kun ga kenan layin da ya raba ƙasar, layin rasit biyu ne kawai.

Kuma abin dariya, sun saya sun samu kujerarsu amma ba su tare ba. Sai a 1938 aka samu yarima na farko, wato mai sarautar ƙasar, da ya dawo ya zauna a Vaduz dindindin, Franz Josef na biyu, sama da shekara 200 bayan cinikin.

Yau Oberland da Unterland ba su da ofis ko shugaba na kansu, aikinsu a zaɓe ne. Majalisar ƙasar, Landtag, kujeru 25 ce, 15 daga Oberland, 10 daga Unterland, haka aka tsara. Oberland na da ƙananan hukumomi shida: Vaduz, Schaan, Triesen, Triesenberg, Balzers da Planken. Unterland na da biyar: Eschen, Mauren, Gamprin, Ruggell da Schellenberg. Shike nan, ka haddace ƙasa guda.

Vaduz ce babban birni, nan fadar yarima take a kan dutse tana leƙen gari, nan majalisa take, amma ba ita ce ta fi mutane ba. Schaan da ke maƙwabtaka da ita ta ɗan fi ta, mutum wajen dubu 6, nan ne ma hedikwatar kamfanin Hilti take, masu injin huda kankare ɗin nan ja da ake gani a wuraren gini. Planken kuma ita ce auta, mutanenta ba su wuce ɗari biyar ba, wallahi wani bikin auren ya fi su taro, amma tana da shugabanta da kansilolinta da kasafin kuɗinta. Shugaban ƙaramar hukuma ana ce masa Vorsteher, sai na Vaduz kaɗai da ake kira Bürgermeister, kuma duk shekara huɗu ake zaɓensu.

Yanzu ga inda ni abin ya fi burge ni. Bari a sa wa kowace ƙaramar hukuma kalarta a taswira ku gani. Kun ga yadda ta zama kamar zanen atamfa? Ga kalar Vaduz nan a bakin kogi, sai kuma ga ta can cikin duwatsu, ga wani guntun can gefe, duk ba su haɗe da juna ba. Schaan ma haka, Balzers ma haka, har 'yar Planken tana da nata guntayen a warwatse. Mutum zai tashi daga garinsu ya ratsa ƙasar wata ƙaramar hukuma, wani lokacin biyu, kafin ya sake taka ƙasar garinsu.

Dalili kuwa shanu ne da itace. Mutanen nan kafin su zama masu bankuna da masana'antu, talakawan manoma ne da makiyaya. Ƙauyukan suna ƙasa a kwarin kogi, amma ciyawa mai kyau tana can saman duwatsu, sai lokacin zafi ya zo ƙanƙara ta narke sannan a kora shanu a hau da su, su yi watanni can ana tatsa ana yin cuku, in sanyi ya kawo kai a sauko da su. To kowane ƙauye yana da makiyayarsa a sama, yana da dajin da yake sarar itacen girki da na gini, wani ya saya wani ya gada, wasu kuma da tare suke amfani da su daga baya aka zauna aka raba, kamar Schaan da Vaduz da Planken da suka daɗe suna tarayya a fili ɗaya. Da aka zo shata iyakoki babu wanda ya yarda ya saki makiyayar kakanninsa don taswira ta yi kyau, sai aka bar wa kowa abinsa a inda yake. Duk wanda ya san yadda ake riƙe burtali da gonar gado ba zai yi mamaki ba.

Triesenberg ita ce ta fi kowace faɗin ƙasa, kusan murabba'in kilomita 30, kuma mutanenta daban suke. Kakanninsu Walser ne, sun yi ƙaura daga yankin Wallis na Suwizalan wajen shekarar 1300 suka zauna a gangaren dutse, har yau karin harshensu ya bambanta da na mutanen kwari, da ɗan Triesenberg ya buɗe baki an gane shi. Malbun, wurin wasan zamiya a ƙanƙara, yana ɓangarensu. Schellenberg kuma da ta ba rabin ƙasar asalinta, ita ce ta fi ƙanƙanta a fili, murabba'in kilomita uku da rabi.

To wane iko ne ma waɗannan ƙauyukan suke da shi? Suna da shi fa sosai. Haraji ma bayan na ƙasa, kowace ƙaramar hukuma tana ɗora nata kason a kai, ita ke yanke nawa, shi ya sa mutum biyu masu albashi ɗaya za su iya biyan haraji daban saboda ɗaya yana wannan gari ɗaya yana wancan. Sannan kowane ɗan ƙasa dole ya zama ɗan asalin wata ƙaramar hukuma, in ka cire 'yan gidan sarauta, kusan irin maganar indijin da muka sani. Baƙon da ke son zama ɗan ƙasa kuwa, ɗaya daga cikin hanyoyin ita ce 'yan asalin garin da yake zaune su kaɗa ƙuri'a a kansa, e ko a'a. Ka yi tunani, maƙwabcinka da kuka yi cacar baki kan fakin ɗin mota, shi ne zai je akwatin zaɓe ya yanke ko za ka samu fasfo. In ba ka son wannan hanyar akwai ta zama, amma sai ka shekara 30 a ƙasar, sai dai shekarun yarinta ana ƙirga su biyu-biyu.

Ko zaɓen mata ma ta ƙananan hukumomi ya fara shigowa. Vaduz ta ba mata damar zaɓen gari a 1976, a matakin ƙasa kuwa sai 1984, kuma maza zalla ne suka yi ƙuri'ar, da ƙyar ma ta tsallake. Wasu garuruwan sai 1986 suka bi sahu. Ba a zamanin da can ba fa, lokacin da yawa cikin masu kallon nan an riga an haife su.

Sai babbar magana. A 2003 aka yi wa tsarin mulkin ƙasar na 1921 gyara, yarima Hans-Adam na biyu ne ya matsa a kai, gyaran ya ƙara masa iko har aka yi ta suka a Turai, amma a cikinsa akwai wani sashe da ya ce kowace ƙaramar hukuma tana da 'yancin ficewa daga ƙasar. In mafi yawan 'yan ƙasa masu zaɓe da ke zaune a garin suka ce a fara shirin fita, to za a fara, sai a tsara yadda rabuwar za ta kasance ta hanyar doka ko yarjejeniya, in yarjejeniya ce a sake komawa ga mutanen garin su kaɗa ƙuri'a karo na biyu. A wurare da dama a duniya wannan maganar ai yaƙi take jawowa, su kuwa sun rubuta ta baƙi da fari a kundi.

Har yau dai babu garin da ya fita. Kuma in ka sake kallon taswirar atamfar nan za ka ga wahalar abin, a ce Planken ta tashi da mutanenta ɗari biyar ta ce ta tafi, to guntayen filayenta suna warwatse a tsakanin na maƙwabta, titin motar da ke hawa garin ma ta Schaan yake bi, ko burodi za a kawo musu sai ya ratsa ƙasar waje.