Hoton kaina ya fito, likita ya ajiye min zaɓi uku

Assalamu alaikum jama'ata, barkanmu da warhaka, ya gida ya yara, 'yan nan Ingila ya sanyi, ku na gida kuma ya zafi. Na san na ɓace muku kwana biyu, saƙonninku duk ina gani wallahi, masu kirana a WhatsApp ban ɗaga ba ku yi haƙuri don Allah, ba wulaƙanci ba ne, bakina ne ya yi nauyi. Yau dai na ce bari in zauna in faɗa muku da kaina tunda maganar ta fara yawo har ana ƙara mata gishiri, wata ma cewa ta yi an gaya mata kansar ƙwaƙwalwa ce ta kwantar da ni. To ga ni a zaune, ku ji yadda abin yake.

Ƙari aka gani a kaina, likitoci suna ce masa meningioma. Ba a cikin ƙwaƙwalwar ya tsiro ba, a jikin wannan siririyar fatar da ta lulluɓe ta ne, sai dai tunda ƙoƙon kai ba ya buɗewa, in ya girma dole ya danne abin da ke kusa da shi. Mafarin abin ciwon kai ne da jiri, farasitamol ba ya yi min komai, likitan unguwa ya tura ni hoton CT, a nan suka hango wani abu suka ce sai an yi MRI don a gan shi da kyau. Bayanin da aka yi min shi ne irin wannan ƙarin mataki uku gare shi, kuma kusan 8 cikin 10 matakin farko ne, wato ba daji ba ne, ba ya yaɗuwa a jiki, girmansa ma a hankali yake yi, ya fi kama mata kusan ninki biyu na maza. Nawa bai kai santimita 3 ba kuma a hoto ya yi kama da na matakin farkon, amma likitan ya faɗa min gaskiya cewa tabbaci ɗari bisa ɗari sai an ciro naman an duba shi a lab. Har ya ce min zai iya yiwuwa ciwon kan ma ba shi ya kawo shi ba.

Bari in tsaya a kan MRI ɗin nan don da yawanku kun tambaya, kuma tsoronsa na hana mutane zuwa. Shi ba ya amfani da hasken eksire kamar CT, maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske, shi ya sa kafin ki shiga za a ba ki takarda ki cike, ko akwai ƙarfe a jikinki, ko an taɓa sa miki na'urar bugun zuciya, ko kina da ciki. 'Yan uwana mata ku ji wannan da kyau, ɗan kunne, sarƙa, zobe, fil ɗin mayafi, ribom mai ƙarfe, duk a cire tun daga gida, kwalli ma kar a saka ranar don wani yana da ƙarfe-ƙarfe a ciki yana ɓata hoton. Ni na roƙa mace ta shirya ni kuma an ba ni, suka bar min hula ta auduga har bakin injin. An ɗebi jinina tun kafin ranar an duba ƙoda, saboda akwai wani ruwa gadolinium da ake ɗurawa ta jijiyar hannu a tsakiyar hoton, shi ke sa ƙarin ya haska ya fito fes, kuma ƙoda ce ke fitar da shi.

Sai a kwantar da ke a kife miki wani abu kamar keji a kai, a toshe miki kunne, a ba ki wata 'yar roba a hannu a ce in kin ji ba za ki iya ba ki matsa, gadon ya shige da ke cikin rami. Ƙarar kuwa sai ka ce an kunna injin niƙa a gefen kunnenki, ta tsaya ta canja salo ta dawo, fiye da rabin awa kuma ba a so ki motsa ko kaɗan. Ba ya zafi, wannan in tabbatar muku, ƙuncin wurin ne kawai da zuciya da ke ta kai-kawo. Ni rufe ido na yi tun kafin gadon ya motsa ban buɗe ba, ina ta hasbunallahu wa ni'imal wakil a zuci har aka jawo ni. In kin san kina tsoron matsattsen wuri ki faɗa musu tun da wuri, akwai maganin kwantar da hankali da ake iya rubuta miki.

Amma wallahi jiran sakamako ya fi injin wahala. A nan ba likita ɗaya ke yanke magana ba, tawaga ce ke zama a kan fayil ɗinki, mai tiyatar ƙwaƙwalwa, mai karanta hoto, likitan da ke gasa ƙari da haske, da nas ta musamman, sai sun gama sannan a kira ki. Ranar da muka je ni da Abban yara na ɗauka za a ce min ga abin da za a yi, in ce to. Sai likitan, bawan Allah, ya juyo da kwamfuta ya nuna min abin fari tas a gefen kaina, ya lissafo hanya uku, ya ce Madam wanne ya fi kwanta miki. Ni da na taso inda likita ke faɗa a bi, na rasa ta cewa, sai kallon maigida nake shi ma yana kallona.

Ta farko a bar shi a zuba masa ido, a sake hoto bayan wata 6, in bai motsa ba a koma shekara-shekara, ya ce akwai masu rayuwa da shi har tsufa ba a taɓa shi ba. Ta biyu tiyata, a buɗe ƙashin kai a cire shi, ita ce ke raba ki da shi kuma a san ainihin matakinsa, amma bai ɓoye min komai ba, zubar jini, ƙwayar cuta, farfaɗiya, raunin wani sashe na jiki, ga makonni na jinya ni da ke da yara ƙanana ba dangi kusa. Ta ukun gashi ne da wata na'ura Gamma Knife, babu yanka a ciki ko kaɗan, haske ne kusan 200 ake harbowa ta ko'ina su haɗu a kan ƙarin shi kaɗai. Wani likitan Suwidin Lars Leksell ne ya ƙirƙiro ta, kuma a garin Sheffield na nan Ingila ana yinta tun 1985, yawanci yini guda ne ki koma gida. Sai dai ita ba ta cire shi, tsayar da girmansa take yi, kuma ta fi dacewa da ƙanana irin nawa, hoto kuma za ki ci gaba da yi shekara da shekaru.

Inda abin ya taɓa ni sosai shi ne maganar haihuwa. Ya tambaye ni ko ina shirin ƙara haihuwa, ya kuma tambaya ko na taɓa yin allurar tazarar haihuwa ta wata uku-uku, saboda irin wannan ƙarin yana jin sinadarin jikin mace, yana iya ƙara girma lokacin goyon ciki, kuma wani bincike da aka yi a Faransa aka fitar a 2024 ya nuna alaƙa tsakaninsa da daɗewa ana yin wannan allurar. Don Allah kar wata ta ji wannan ta firgita ta yanke allurarta da kanta, haɗarin ƙarami ne, abin da nake so kawai in kina yi kin daɗe kuma ga ciwon kai ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki faɗa wa likita kar ki ji kunya, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne shi ya sa na faɗa. Ni kam ina son ƙarin haihuwa, ban ɓoye masa ba, kuma wannan ya shiga lissafin.

Sai gida. Umma ce ta ƙarshe da na gaya wa saboda hawan jininta, Yaya babba na fara kira ya je ya zauna kusa da ita sannan na buga. Tana jin an ce buɗe kai ta ce a'a 'yar nan, ba da yawuna ba, ki tattaro ki dawo a yi miki addu'a a gida. Na ce Umma addu'arki daga nan ma tana iso ni, ki ci gaba, amma ki bar ni kusa da injin da ke ganin abin. Ta yi shiru can ta ce Allah Ya yi miki albarka, Ya sa kaffara ne. Zamzam ina sha, addu'o'in da aka turo ina yi safe da yamma, amma masu turo min sunan jiƙe-jiƙe da cewa jifa ne, na gode da kulawa, ba zan sha abin da likitana bai sani ba, kuma ba zan zargi kowa a kan abin da na gani da idona a hoto ba.

Mun yi istihara, mun koma da tambayoyi a rubuce a takarda, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka don a gaban likita kai kan ɗauke wuta. Na tambaye shi in na jira wata shidan me zan rasa, wace alama ce in na gani in taho asibiti a daren, in aka yi gashi ya ƙi ana iya tiyata daga baya, shi kansa irin wannan aikin yana yawan yi. Duk ya amsa bai nuna gajiya ba. In Turancin na ba ki wahala kina da haƙƙin neman tafinta kyauta, kar ki sa hannu a takardar da ba ki gane ba.

Abin da muka tsayar shi ne zan jira hoto na gaba, maganar ciki mun ɗage ta tukuna, in ya nuna ya ƙaru ko da kaɗan ne to Gamma Knife zan nema, tiyata sai in sun ce babu makawa. Nas ɗin ta ba ni lambar da zan kira in na ga jijjiga ko canjin gani ko hannu ya yi rauni. Ba na ce kowa ya bi nawa ba, wurin da ƙarin yake da girmansa da shekarun mutum su ke canja komai. Ina roƙon addu'arku, ku saka Umma ma a ciki don ta fi ni shiga damuwa, in an sa ranar hoton zan sanar da ku insha Allah. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, wassalamu alaikum.